SHARHI: Fitilar niyon, tsadar lantarki da allunan da ke haska shagunan birane

Tun ranar 3 ga Afrilu, 2024, da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, masu shaguna da otal-otal da gidajen abinci suka shiga bin kayan lantarkinsu ɗaya bayan ɗaya suna tambayar nawa kowanne yake ci. Ragin da aka yi daga baya bai taka kara ya karya ba, domin farashin ya sauko zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yuli na shekarar. Janareta kuwa, wanda a da shi ne mafaka, ya zama abin tsoro tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023.

A cikin kayan da ake yi wa wannan binciken akwai allon talla mai haske da ke ƙofar shago, wanda ake kunnawa da magariba ya kai tsakar dare. Masu sayar da irin waɗannan alluna suna kiran kusan duk rubutu mai walƙiya da suna ɗaya, wato niyon, alhali kuwa abubuwa biyu ne mabambanta suke yawo a kasuwa da wannan suna. Ɗaya bututun gilashi ne mai iska a ciki, wanda ke buƙatar bolt dubbai kafin ya kama. Ɗayan kuma roba ce mai lanƙwasuwa da aka jera ƙananan fitilun LED a cikinta. Wutar da suke ci daban, haɗarinsu daban, tsawon kwanansu ma daban, kuma wanda bai bambance su ba yakan biya kuɗin abin da bai saya ba.

Abin da ke cikin bututun

Niyon iska ce daga cikin iskokin da ba sa haɗuwa da komai, ba ta da launi, ba ta da ƙamshi, ba ta kuma kamawa da wuta. Masana kimiyya biyu 'yan Birtaniya, William Ramsay da Morris Travers, ne suka gano ta a Landan a shekarar 1898, bayan sun sanyaya iskar sararin samaniya har ta zama ruwa suka riƙa tace ta kashi-kashi. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin sabon abu. Ƙarancinta ya kai a ce a cikin kashi miliyan ɗaya na iskar da ake shaƙa, kashi 18 kacal ne niyon.

Wanda ya mayar da ita haja shi ne injiniyan Faransa Georges Claude, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Air Liquide. Sana'arsa ita ce tace iskar oksijin don sayar wa masana'antu, niyon kuwa ragowa ce da ke taruwa masa ba shi da abin yi da ita. A watan Disamban 1910 ya nuna dogayen bututun gilashi masu jan haske a bikin baje kolin motoci na birnin Paris, kuma cikin shekaru ashirin allunan niyon suka mamaye manyan titunan Turai da Amurka.

Yadda fitilar ke aiki bai canza ba tun wancan lokaci. Maƙerin gilashi yakan gasa bututu a kan harshen wuta ya lanƙwasa shi da hannu har ya ba da siffar harafi, yana hura iska a ciki don kada ya lotse. Sai a liƙa ƙarfe mai karɓar lantarki a kowane baki, a zuƙe iskar da ke ciki, a gasa bututun da lantarki mai ƙarfi don a kori danshi da datti, sannan a zuba niyon kaɗan, wadda matsinta bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na matsin iskar waje ba, a toshe. Idan aka haɗa bakunan biyu da lantarki, ƙwayoyin ilektaron sukan ruga daga wannan baki zuwa wancan suna karo da ƙwayoyin zarra na niyon. Kowane karo yana ɗora wa ƙwayar zarra ƙarfin da ba za ta iya riƙewa ba, sai ta sake shi a matsayin haske. Babu zaren da ke yin ja saboda zafi kamar na tsohon ƙwan fitila, iskar ce da kanta ke haskakawa.

Niyon tsantsa launi ɗaya take bayarwa, ja mai ratsin ruwan lemo. Shuɗi da kore da fari da ake gani a alluna galibi daga iskar argon suke, wadda ake ɗiga wa zaiba kaɗan. Tururin zaibar yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi hodar da aka shafa a cikin bututun, hodar ta mayar da shi launin da ake so. Ke nan yawancin abin da ake kira niyon, ko a cikin na gilashin ma, babu niyon a cikinsa.

Duk mai gyaran wuta a Kano ko Maraɗi yana yawo da fitilar niyon a aljihunsa ko da bai sani ba. Ɗan ƙwan da ke yin ja a cikin testa idan an taɓa waya mai rai niyon ne, haka ma jan hasken da ke jikin makunnin soket da yawa. Saboda tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙanƙanuwa ce, bolt 90 ko ƙasa da haka ya ishe shi ya kama, wutar da yake ja kuma ba ta kai a yi maganarta ba.

Dalilin bolt dubbai

Allon talla kuwa bututunsa yana da tsawon mitoci, iska kuma a asalinta ba ta barin lantarki ya ratsa ta. Kafin ta ba da hanya sai an matsa mata da ƙarfi, kuma gwargwadon tsawon bututu da sirantakarsa gwargwadon matsin da ake buƙata. Wutar da ke shiga gidaje a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce, don haka kowane allon niyon yana tafe da taransifomarsa da ke ɗaga wutar zuwa tsakanin bolt 2,000 da 15,000. Ƙa'idar Turai ta tsayar da iyakar a bolt 10,000.

A nan ne ake yawan ruɗewa. Bolt ma'aunin matsi ne, kamar tsayin tankin ruwa a kan hasumiya, amfiya kuma ma'aunin yawan abin da ke kwarara ne, kamar kaurin ruwan da ke fitowa daga bakin famfo. Abin da mitar wuta ke ƙirgawa shi ne wat, wato matsi a ninka shi da kwarara, sannan a ninka da sa'o'in da aka yi ana amfani. Taransifomar niyon tana da matsi mai yawa, amma abin da take turawa siririn zare ne, galibi miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya.

Taƙaita kwararar wajibi ne saboda wata ɗabi'a ta iskar. Da zarar ta kama, sai turjiyarta ta faɗi, ta riƙa neman ƙarin wuta, ƙarin wutar kuma ya ƙara rage turjiyar. Da za a bar ta, da sai ta ja wuta har bututun ya lalace. Shi ya sa ake ƙera taransifomar niyon ta yadda ba za ta wuce iyakar da aka rubuta a jikinta ba ko da an haɗe bakunanta biyu. Aikinta biyu ne: ta ba da babban matsi a farko don iskar ta kama, sannan ta riƙe linzami, matsin ya sauko zuwa kusan rabi muddin fitilar tana ci.

Lissafin da mita ke yi

A ɗauki babbar taransifoma mai bolt 15,000 da miliamfiya 30. Idan aka ninka alƙaluman biyu za a samu 450, kuma shi ne adadin da aka saba rubutawa a jikinta. Sai dai tun da matsin yana sauka bayan iskar ta kama, abin da take ci a zahiri yana tsakanin wat 200 da 250, kuma tana iya haska bututu mai tsawon mita 14 zuwa 18, gwargwadon kaurinsa. Wannan daidai yake da tsofaffin ƙwayayen fitila huɗu masu wat 60, ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da dutsen guga na lantarki ke ci.

Idan allo mai cin wat 250 yana kunne sa'o'i shida kowane dare, a wata zai ci yunit 45. A tsohon farashin naira 68, kuɗinsa ya ɗan haura naira 3,000. A farashin naira 209.50 ya kai kusan naira 9,400. Robar LED mai tsawo iri ɗaya, a ce mita 16, wadda masu ƙera ta kan rubuta mata tsakanin wat 5 da 12 a kowace mita, idan aka ɗauki wat 8 za ta ci yunit 23 a wata, kimanin naira 4,800. Rangwamen na gaske ne, kusan rabi, amma bai kai yadda wasu masu talla ke kururutawa cewa LED tana cin kashi ɗaya cikin goma na abin da niyon ke ci ba. Jan niyon musamman ba mai ɓarnar wuta ba ne, domin launinsa daga iskar yake fitowa kai tsaye ba tare da an tace komai an zubar ba.

Inda niyon ke da nauyi shi ne kan janareta da inbata. Tsohuwar taransifoma mai ƙarfe da naɗin waya tana jan wata wuta da ke zuwa ta koma ba ta yi aiki ba. Mitar gida ba ta ƙirga ta, amma wayoyi da janareta suna ɗaukar nauyinta. Misalinta kamar motar da ta ɗauko buhunan hatsi haɗe da buhunan ƙaiƙayi ne: mai saye hatsin kawai zai biya, amma motar ta ji nauyin duka biyun. Don haka allon da mita ke gani a matsayin wat 250, janareta yana jin sa kamar 450. Ƙaramin janaretan da ake ɗauka da hannu ɗaya ƙarfinsa bai kai 1,000 ba a wannan ma'auni, ke nan allo ɗaya ya cinye kusan rabinsa kafin a kunna fanka ko firji. Sababbin taransifomomi na ilektaronik sun rage wannan matsala sosai, sun kuma fi sauƙin nauyi, sai dai sun fi saurin mutuwa idan wuta tana hawa da sauka, wanda shi ne halin da ake ciki a yawancin unguwanni.

Haɗarin da ba ya cikin takardar kuɗin wuta

Ƙarancin kwarara bai sa taransifomar niyon ta zama abin wasa ba. Jikin ɗan Adam yana fara kasa sakin waya tun daga kimanin miliamfiya 10, kuma miliamfiya 30 ita ce iyakar da aka sa wa na'urorin yanke wuta na kare rai a gidaje, domin daga nan zuciya tana iya rikicewa. Ga shi kuma yawancin alluna a sama suke, wanda wuta ta ja a kan tsani faɗuwar ma kaɗai ta ishe shi.

Haɗari na biyu gobara ce. Bolt dubbai suna iya tsallaka tazara su yi tartsatsi, suna kuma iya bin jikin ƙura mai danshi har su huda wa kansu hanya. Waya ta gama-gari ba ta jure irin wannan matsi, dole a yi amfani da mai kaurin rufi da aka yi domin aikin, a ɗaga ta daga jikin ƙarfe da katako. A yankin da ƙurar hunturu ke lulluɓe komai na watanni, sannan damina ta biyo baya da ruwa da iska, allon da ba a duba shi yana tara abin da zai kunna kansa. Saboda haka ne ƙa'idar Birtaniya ta tilasta a sa wa irin waɗannan alluna makunni na musamman a waje, inda 'yan kwana-kwana za su iya kashe shi kafin su watsa ruwa, Amurka kuma tun shekarun 1990 ta wajabta taransifomar da ke kashe kanta idan wuta ta zurare zuwa ƙasa.

Na uku zaiba ce. Duk bututun da ba ja ba, da wuya a rasa ta a ciki, kuma idan ya fashe tururinta guba ne ga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, amma fasasshen bututun gilashi a bola yakan ƙare, inda yara masu tsintar kaya ke tonawa da hannu.

Robar LED ma ba ta kuɓuta ba. Iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai aiki da bolt 12 ko 24 ta hanyar ƙaramar na'urar rage wuta, wadda taɓa ta ba ya kisa, kuma ana iya haɗa ta da batirin sola. Akwai kuma wadda ake sokawa kai tsaye a soket, wadda cikakken matsin wutar gida ke bi ta cikinta daga farko har ƙarshe. Ta biyun ta fi araha, kuma idan rana ta busar da robarta ta tsage, ko aka yanke ta ba a toshe bakin da kyau ba, ruwan sama yana iya mayar da firam ɗin allon gaba ɗaya waya mai rai. Zafi kuma yana rage kwanan LED, don haka sa'o'i dubbai da aka rubuta a kwali ba lallai su cika a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba. Bututun niyon da aka yi da kyau yana iya shekara goma ko fiye, idan ya lalace kuma ana iya sake cika shi. Robar idan ta mutu jefarwa ake yi.

Darasin Hong Kong

Inda aka fi ganin ƙarshen zamanin niyon shi ne Hong Kong. Daga shekarun 1950 zuwa 1980, alluna manya-manya da ke miƙowa daga jikin benaye zuwa tsakiyar titi, musamman a titin Nathan, sun zama tambarin birnin a fina-finai da hotuna. Yawancinsu an kafa su ba tare da izini ba, da suka tsufa kuma suka zama barazana ga masu wucewa a birnin da guguwar teku ke kaɗawa kowace shekara. Daga 2010 Sashen Kula da Gine-gine ya tsaurara ƙa'ida, a 2013 kuma ya fito da tsarin tantance tsofaffin alluna, wanda ya ƙayyade girmansu ya kuma sa a riƙa sake duba lafiyarsu duk bayan shekara biyar. Waɗanda suka wuce iyaka aka umarci a sauke su.

Masu shaguna da yawa da suka sauke nasu ba su mayar da na gilashi ba. Fitilar LED mai shuɗin haske, wadda Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu kyautar Nobel a kanta a 2014, ta riga ta buɗe hanyar samun kowane launi da araha, masana'antun ƙasar Sin kuma suna maƙwabtaka. Maƙeran gilashi suka tsufa babu magada, har suka koma 'yan tsiraru. Shahararren allon saniya na gidan abincin Sammy's Kitchen an sauke shi a 2015 ya koma gidan adana kayan tarihi na M+. Abin lura shi ne kuɗin wuta ba shi ne ya fara kawar da niyon a can ba. Dokar kare lafiyar jama'a ce ta fara, arahar abokin gasa ta biyo baya, mutuwar sana'a ta ƙarasa.

Iskar kanta kuwa ba ta rasa kasuwa ba, ta koma masana'antun ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar salula, inda ake amfani da ita a na'urorin leza da ke zana hanyoyin lantarki a kan silikon. Wannan ya fito fili a watan Maris na 2022, lokacin da mamayar Rasha ta tsayar da kamfanoni biyu na Yukiren, Ingas a Mariupol da Cryoin a Odesa, waɗanda kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙiyasta suna samar da kusan rabin tsantsar niyon da waɗannan masana'antu ke amfani da ita a duniya. Har yanzu dai ragowa ce kamar a zamanin Claude, domin daga injinan tace oksijin na masana'antun ƙarfe ake samun ta.

Abin da ya rage ga mai shago da hukuma

Ga mai shago, tambayoyin da suka dace a yi wa mai haɗa allo ba su da yawa. Gilashi ne ko roba? Wat nawa yake ci gaba ɗayansa, ba bolt nawa ba? Idan roba ce, mai bolt 12 ko 24 ce, ko mai shiga soket kai tsaye? An haɗa firam ɗin ƙarfen da wayar ƙasa? Ina makunninsa yake idan wani abu ya faru? Bayan haka, hanya mafi sauƙi ta rage kuɗi ita ce rage sa'o'i, domin allon da ake kashewa da ƙarfe goma na dare maimakon a bar shi har asuba ya rage fiye da abin da sauya fasaha zai rage, kuma na'urar da ke kashe shi a kan lokaci ba ta da tsada.

Ga hukuma kuwa, aikin a rarrabe yake. Hukumomin talla na jihohi, irin su LASAA ta Legas, suna ba da izini suna karɓar haraji bisa girman allo da wurin da yake. Ingancin kayan da ake shigowa da su yana hannun hukumar SON, duba lafiyar haɗin lantarki kuma doka ta ɗora shi a kan NEMSA tun 2015. Allon shago yana tsakanin ukun, kuma abin da ke da iyaye da yawa shi ya fi kwana da yunwa. A kasuwannin da shaguna ke manne da juna, waɗanda gobararsu ake yawan dangantawa da matsalar lantarki, sharaɗin nuna shaidar duba wayoyi kafin a sabunta izinin allo ba zai buƙaci sabuwar doka mai tsawo ba. Hukumar da ta san girman kowane allo har ta yanka masa haraji ta riga ta san inda yake da kuma mai shi.